Daga Takarda Zuwa Kaset: Yadda Sumayya Ta Ƙetare Iyaka

Tsakanin birnin Kano da garin Magariya babu wata tafiya ta a zo a gani. Mota takan tashi da safe, ta bi ta Ɗambatta da Ɓaɓura, ta tsaya a Babban Mutum a duba takardu, ta sake tsayawa a Tinkim a sake dubawa, sa'an nan ta shiga gari. Ta wannan hanya, da kuma ta Maigatari wadda ke fuskantar ƙasar Dungas, kaya suka daɗe suna kai da komowa: dabbobi da wake da riɗi suna gangarawa kudu, atamfa da taki da man fetur da robobi suna haurowa arewa. A cikin shekarun 1990 wani sabon kaya ya shiga cikin lodin, wanda ba shi da nauyi, ba ya kuma ɗaukar ido a wurin masu bincike, wato kaset ɗin bidiyo na wasan Hausa da ake yi a Kano.

Ɗaya daga cikin na farko-farkon waɗannan finafinai shi ne In Da So Da Ƙauna, wanda ya fito a 1994. An ɗauko shi ne daga littafi mai wannan suna, wanda Ado Ahmad Gidan Dabino ya wallafa a 1991. Labari ɗaya ne, marubuci ɗaya ne, tsakaninsu shekara uku kacal. Amma yadda littafin ya shiga gidajen mutane daban, yadda fim ɗin ya shiga daban. Wanda ya duba wannan bambanci daga wannan ɓangare na iyaka, inda ake magana da Hausa a gida da kasuwa amma ake koyon karatu da Faransanci a lakwal, zai ga abin da mutumin Kano kansa ba lalle ya lura da shi ba.

Shi dai marubucin an haife shi a 1964 a Ɗanbagina ta ƙasar Dawakin Kudu, ya tashi a cikin birnin Kano. Karatun allo ya fara yi, bai shiga na boko ba sai da ya girma, ta hanyar ajin manya na yamma. Wannan abu ne da ya kamata malaman yaƙi da jahilci su riƙe, domin mutumin da ya zauna a kan benci irin nasu shi ne ya rubuta ɗaya daga cikin littattafan Hausa da suka fi samun kasuwa a zamaninsa. Bai fito daga gidan ɗab'i na hukuma ba. Can baya, tun daga gasar 1933 wadda ta haifar da Ruwan Bagaja da Ganɗoki da Shaihu Umar, littafin Hausa a Zariya ake yanke masa cibiya, hukuma ce ke zaɓa, ita ke bugawa, ita ke rarraba wa makarantu. Shirin ilmin firamare na kowa da kowa da Nijeriya ta ƙaddamar a 1976 ya yaye dubban yara maza da mata masu iya karanta Hausar boko. Da suka kai munzalin neman abin karantawa, sai ga tsarin tsuke bakin aljihu na 1986 ya karya darajar naira, takarda ta yi tsada, manyan kamfanonin ɗab'i suka ja da baya. Ga masu karatu, babu littafi. Sai matasan marubuta suka ɗauki rubutunsu suka nufi ƙananan maɗaba'u na cikin gari, suka biya da kuɗinsu, suka ɗauki kayansu a ka suka kai wa masu sayarwa. Wasunsu suka haɗu a ƙungiyar Raina Kama, wadda Gidan Dabino ke cikin jagororinta tare da irin su Balaraba Ramat Yakubu da Ɗan'azumi Baba Ceɗiyar Ƴan Gurasa. Sunan ma kansa amsa ce ga masu kallonsu a wulaƙance, don kowa ya san ƙarashen karin maganar.

Labarin ba mai sarƙaƙiya ba ne. Sumayya ƴar masu hali ce, Muhammad kuwa talaka ne mai kyawun hali, suna son juna. Sai ga Abdulƙadir, matashin ɗan kasuwa mai kuɗi, shi ma ya ce yana ciki. Da ya ga yarinya ba ta yi da shi, sai ya bi ta hannun kakarta da abin duniya, kaka kuwa ta tsaya a kan lalle sai shi, ta matsa wa iyaye har suka rasa yadda za su yi da ita. Da Sumayya ta ga an rufe mata kowace ƙofa, sai ta faɗa rijiya. Ba ta mutu ba, amma wannan faɗawar ita ce ta tsaya a zukatan masu karatu, ita ce kuma aka fi jifan marubucin da ita.

Akwai dabara a wurin da aka ɗora laifin. Malaman fiƙihun Malikiyya sun san haƙƙin da uba ke da shi a kan auren ƴarsa budurwa, sun kuma san hadisan da suka yi umurni da neman yardar mace, da ƙissar Khansa'u bint Khizam wadda mahaifinta ya aurar da ita ba da sonta ba, Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya warware auren. A kan iyakar haƙƙin uba ana iya zama a yi ta muhawara. Amma kaka ba waliyyiya ba ce, babu wani littafin fiƙihu da ya ba ta ikon tilastawa. Ƙarfinta daga al'ada yake, daga tsoron da ɗa ke yi wa fushin uwa, sa'an nan a wannan labari daga kwaɗayi. Ta haka marubucin ya raba addini da abin da ake jingina wa addini, ya bar mai karatu ya ga auren dole tsirara, ba tare da rigar da ya saba sakawa ba. Duk da haka bai tsira ba. An ce littattafan soyayya suna koya wa ƴan mata bijire wa iyaye, suna hana ɗalibai karatu, suna kwaikwayon Indiya. A fagen masana kuma Ibrahim Malumfashi ya laƙaba musu suna Adabin Kasuwar Kano, aka shafe shekaru ana fafatawa a jaridu tsakaninsa da masu kare su irin su Abdalla Uba Adamu. Sai dai duk wanda ya tashi a ƙauye ya san rijiya da guduwa da ƙin cin abinci tsofaffin makaman yarinyar da aka tilasta ne, sun riga littafin zuwa duniya da daɗewa. Mutanen Magariya, waɗanda sarautarsu ke da jini ɗaya da ta Daura, sun san labarin wata rijiyar, ta Kusugu, inda aure ya biyo bayan jan ruwa. Wannan kuwa rijiya ce da aka faɗa don gudun aure.

Me ya kai mai littafin da ke cin kasuwa ga wahalar fim? Mayar da littafin Hausa fim ba sabon abu ba ne: a 1976 Adamu Halilu ya yi Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa. Amma wancan aiki ne na majigi, mai cin kuɗi masu yawa, wanda sai da ƙarfin hukuma, kuma sai a gidan silima ake iya ganinsa. Silima kuwa a Kano, tun daga Rex da Palace har zuwa Plaza da Marhaba, wuri ne da ake ganin bai dace da mutumin kirki ba, balle matar aure ko budurwar da ke jiran manema. Wato ainihin masu karanta littattafan soyayya su ne waɗanda aka hana su shiga inda ake nuna fim. Bidiyo ce ta warware wannan ƙulli. A 1990 ƙungiyar wasan kwaikwayo ta Tumbin Giwa ta fitar da Turmin Danya, aka ga cewa ana iya ɗaukar wasa da kyamarar da ake ɗaukar biki da ita, a zuba a kaset, a sayar, mutum ya kai gida. Marubuta suka ga dama ta samu. Suna da abin da sauran masu wasa ba su da shi: labari a shirye, da suna wanda ya riga ya zaga gari, da masu karatu da ke ɗokin ganin fuskar wadda suka daɗe suna zanawa a zuci. Gidan Dabino ya bi hanyar da ya saba, wato ya ɗauki nauyin abinsa da kansa. Yadda ya zama mawallafin littafinsa, haka ya zama mai shirya fim ɗinsa.

Daga nan ne wahala ta fara, domin alƙalami ba ya biyan kuɗin haya. Marubuci ya rubuta cewa Abdulƙadir ya zo a mota mai tsada, ya shiga falon da aka ƙawata, shi ke nan magana ta ƙare, tawada kaɗan ta ci. Mai fim kuwa sai ya samo motar, ya samo falon, ya roƙi mai gida ya yarda a shigo masa da samari da ƴan mata da wayoyin lantarki, a kuma gama kafin haƙurinsa ya ƙare. Masu fim na wancan lokaci da aro suka rayu: gidan aboki, motar ɗan'uwa, tufafin da ɗan wasa ya zo da su daga ɗakinsa. Kyamara ɗaya ce, sau da yawa ta haya, sautin kuma ita ke kwasa tare da kukan akuya da hon ɗin babur da duk abin da unguwa ta ga damar yi a wannan rana. Babu makarantar da suka shiga ta koyon wannan sana'a. Abin da suke da shi shi ne gogewar ƙungiyoyin wasan daɓe, da ta ma'aikatan gidajen talbijin na NTA da CTV da ke Kano, da kuma shekaru na kallon finafinan Indiya.

Abin da ya fi mota da falo wuyar samu shi ne mace. A takarda Sumayya ba ƴar kowa ba ce. Ba ta da uba da za a je a kai wa ƙara, ba ta da manemi da zai janye. A fim dole wata yarinya ta gaske, mai iyaye da dangi da maƙwabta, ta ba da aron fuskarta da muryarta, ta tsaya gaban kyamara ta furta wa namijin da ba muharraminta ba kalmomin da ko a zaure ba a faɗarsu da ƙarfi. Jama'a kuwa ba su cika raba ɗan wasa da rawar da ya taka ba. Shaida ita ce yadda sunayen fim ke manne wa masu su har ƙarshen rayuwa: marigayiya Hauwa Ali Dodo ta rasu a 2010 mutane da yawa ba su san ta da wani suna ba sai Biba, sunan da ta samu a Ki Yarda Da Ni, wanda shi ma daga littafin Bilkisu Salisu Ahmed Funtuwa aka ɗauko shi. Saboda haka duk macen da ta yarda ta fito a fim ɗin soyayya a farkon shekarun 1990 ta sa mutuncinta ne a kan faifai, a lokacin da sana'ar ba ta da kuɗin da zai biya ta wannan kasada. Idan ana lissafin waɗanda suka kafa wannan masana'anta, an fi ambaton masu kuɗi da masu ba da umurni. Matan nan na farko sun fi su saka jari, ko da yake nasu ba a ƙirga shi da naira.

Sai kuma matsalar zuciya. Ƙarfin littafin soyayya yana cikin abin da ba a gani: tunanin dare, da wasiƙa, da zancen zuci mai shafi biyu ko uku. Marubuci yana shiga ƙirjin yarinya ya fito yadda ya so. Kyamara kuwa a fata take tsayawa. Mai fim a Amurka ko Faransa yana da mafita mai sauƙi, ya sa masoya su riƙe hannu ko su rungumi juna, mai kallo ya gane. Mai fim a Kano ba shi da wannan. Tsakanin saurayi da budurwa dole a bar tazara, ko da labarin ya ce zukatansu sun narke. To da me za a nuna so? Da kallo, da sunkuyar da kai, da wasa da gefen mayafi, da doguwar magana wadda kan gajiyar da mai kallo. Nan ne fim ɗin Indiya ya ba da amsa, domin shi ma ya daɗe yana fama da irin wannan kunya, ya kuma gano cewa abin da baki ba zai faɗa ba, waƙa tana faɗa. Masanin nan Brian Larkin, wanda ya yi bincike a Kano a tsakiyar shekarun 1990 ya kuma yi nazarin wannan littafi a wata maƙala ta 1997, ya nuna cewa Bahaushe ya ga kansa a fim ɗin Indiya ne saboda rikicin iri ɗaya ne: so a gefe guda, biyayya ga iyaye a ɗaya gefen. Ana yawan cewa waƙa da rawa sun shiga fim ɗin Hausa ne don kwaikwayo kawai. Akwai gaskiya a ciki, amma ba ita ke nan ba. Waƙa ta zauna ne a gurbin da mai ba da labari ya bari ranar da aka rufe littafi aka kunna kyamara. Ita ce wasiƙar, ita ce zancen zucin. Abin da ya faru daga baya, da waƙar ta cinye labarin, wannan wata magana ce.

Idan an gama ɗauka aka haɗa hoto, saura kasuwa, ita ma da nata hukunci. Ƴan kasuwar kaset na Ƙofar Wambai da Bata sun riga sun ƙware wajen kwafar finafinan Indiya da na Amurka da kaset ɗin wa'azi, suna da injuna jere, suna da abokan ciniki daga garuruwa masu nisa. Tsarin da aka zauna a kansa shi ne mai fim ya buga kwalin da za a saka kaset a ciki, ya ba ɗan kasuwa uwar kaset da kwalaye. Ɗan kasuwa ya sayi kaset marar komai ya kwafa, ya saka a kwali ya sayar. Rabon mai fim yana kan kwali ne, kuma sau da yawa sai an sayar ake biyansa. Wato mutum ya rubuta littafi, ya sha wahalar mayar da shi fim, a ƙarshe abin da yake sayarwa takarda ce dai, mai hoto a gaba. Duk kaset ɗin da aka kwafa ba tare da kwalinsa ba, ko sisi ba ya shiga aljihunsa. Kuma da zarar kaya ya wuce Babban Mutum ko Maigatari, babu idon da zai bi shi. Kwafi ya haifi kwafi, hoto ya dusashe, launi ya zube, murya ta shaƙe, amma labari yana nan.

A nan ne ya kamata a tsaya a dubi wannan ɓangare na iyaka. Littattafan soyayya sun shigo Nijar, an sayar da su a Damagaram da Maraɗi, wasu kuma sun karanta wa wasu. Amma akwai katanga. Yaron da ya shiga lakwal a Magariya ko Dungas da Faransanci aka buɗe masa ido. Wanda bai shiga ba, in ya yi karatu, na allo ne da ajami. Makarantun gwaji masu koyarwa da harshen gida, waɗanda aka fara da ta Damagaram a 1973, ba su taɓa zama masu yawa ba, kuma sai a 1998 dokar tsarin ilmi ta ba harsunan ƙasa gurbi a rubuce. Saboda haka aka samu wani abin mamaki: littafi da harshen mutum, a kan matsalar gidansu, amma rufaffe a gare shi, saboda an rubuta shi da ƙa'idar da ba a koya masa ba. Ɗalibin da ya saba da yadda Faransanci ke furta c da u da sh, in ya buɗe Hausar boko sai ya yi ta tuntuɓe kafin ya saba. Kaset bai nemi wannan duka ba. Kunne da ido kawai ya nema, da wuri a kan benci a gidan kallo mai janareto, ko a kan tabarma a gidan wani attajirin unguwa inda mata da yara ke taruwa bayan sallar isha'i.

Wannan ya sauya masu sauraron labarin, ya kuma sauya yanayin sauraronsa. Littafi abin sirri ne. Yarinya tana iya ɓoye shi a ƙarƙashin katifa ko a cikin littafin lissafi, ta karanta ita kaɗai, ta yi kukanta ita kaɗai, ta ba ƙawarta aro a ɓoye. Abin da ta fahimta ya tsaya a cikinta. Fim ba ya ɓoyuwa. Yana da murya, kuma a tsakar gida yake magana, gaban uwa da kishiyar uwa da gwaggo, wani lokaci har da ita kakar. Abin da budurwa ba ta isa ta buɗe baki ta faɗa ba, sai ga wata a cikin akwati tana faɗa a madadinta, da Hausar da kowa ke ji, sanye da irin tufafin da kowa ya sani. Babu wanda zai ce wannan halin Indiyawa ne ko na Nasara. Tsohuwa tana iya tsaki ta ce ƴaƴan zamani sun lalace, amma ta ga wata tsohuwar ta karɓi kaya ta sayar da jikarta, kuma ta san kowa a wurin ya gani. Ba a ce wannan ya hana auren dole ba. Binciken lafiya da yawan jama'a na 2012 ya nuna kashi 76 cikin ɗari na matan Nijar an aurar da su kafin su cika shekara 18, jihohin Maraɗi da Damagaram kuma suna sama da wannan adadi. Fim ba ya sauya farashin hatsi, ba ya gina makarantar kwana ta ƴan mata. Abin da ya yi shi ne ya ba maganar suna da fuska, ya sa ta zama abin da ake iya taɗi a kansa a bakin rijiya ba tare da an ambaci gidan kowa ba.

Ba wai Nijar ta rasa masu fim da suka taɓa wannan batu ba. Tun a 1970 Oumarou Ganda ya yi Le Wazzou polygame, labarin wani Alhaji da ya ɗauke budurwar da aka yi wa wani saurayi alkawari ya mai da ita ta uku, abin ya ƙare da jini. Fim ɗin ya ci babbar kyautar bikin FESPACO na Wagadugu a 1972, karo na farko da aka ba da ita. Haka nan littafin Abdoulaye Mamani, Sarraounia, na 1980, Med Hondo ya mai da shi fim a 1986, aka ɗauke shi a Burkina Faso, shi ma ya ci wannan kyauta a 1987. Ta fuskar gwaninta, babu mai haɗa waɗannan da bidiyon Kano na 1994. Tazarar kamar ta doki da jaki ce. Amma dokin ya tafi Wagadugu da Paris, jakin ne ya shigo ƙauye da kaya. Finafinan majigi sun dogara da tallafi da bukukuwa da gidajen silima na manyan birane, bidiyon kuwa ya dogara da ɗan kasuwa da direban mota, waɗanda ba sa jiran izinin ministan al'adu. Wanda ya fi kusa da shi a wannan ɓangare shi ne wasan kwaikwayon rediyo da talbijin irin na su Yazi Dogo, wanda shi ma da harshen mutane ya yi magana, sai dai shi sai lokacin da gidan ya ga damar sakawa.

Duk da haka bai kamata a yi wa labarin kwalliyar da ba tasa ba. Sumayya ƴar birni ce, ƴar masu hali, wadda ke da zaɓi tsakanin manema biyu. Abin da take nema shi ne a bar ta ta auri wanda take so. Yarinyar ƙauyen Dungas da aka cire daga aji tana da shekara goma sha uku ba ta kai ga wannan matsayi ba tukuna. Tambayarta ba wa za ta aura ba ce, yaushe ne, kuma ko za a bari ta gama karatu. Littafin bai yi wannan tambaya ba. Balaraba Ramat Yakubu, wadda ita kanta aka cire daga makaranta aka yi mata aure tana ƙarama, ita ta yi ta a Wa Zai Auri Jahila? na 1990. Malamin da zai kawo ɗayan aji, ya kyautu ya kawo ɗayan, ya bar ɗalibai su ga inda suka haɗu da inda suka rabu.

Zumuncin littafi da fim bai yi tsawon rai ba. An yi Ki Yarda Da Ni, an yi Alhaki Kwikwiyo na Balaraba a 1998, wasu marubutan ma suka ajiye alƙalami suka koma bayan kyamara. Sai Sangaya ya fito a 1999, waƙarsa da kiɗan fiyano suka mamaye gari, ƴan kasuwa suka gane cewa waƙa ce ke sayar da kaset. A wannan shekara mujallar Fim ta fara fitowa, a wannan shekara kuma sunan Kannywood ya bayyana a mujallar Tauraruwa. Daga nan masu shiryawa da yawa suka daina neman littafi, suka koma ɗauko fim ɗin Indiya kai tsaye suna sa masa hula da mayafi. A ƙarshen 2000, bayan ƙaddamar da shari'a, gwamnatin Kano ta dakatar da harkar fim, a 2001 ta kafa hukumar tace finafinai; a 2007 kuma aka ƙona littattafan soyayya a bainar jama'a a wata makarantar ƴan mata. Shi kuwa Gidan Dabino, wanda aka zarga da ɓata tarbiyya, gwamnatin Nijeriya ta ba shi lambar girma ta MON a 2014.

Yau kaset ya ba faifan CD wuri, faifan ya ba memori da waya wuri; saurayi a tashar Magariya yana biyan ƴan kuɗi kaɗan a tura masa finafinai goma, littattafan soyayya kuma sun koma WhatsApp da YouTube, inda ake karanta su da murya ga wanda bai iya karatu ba. A 2025 kundin sake gina ƙasa ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa na Nijar, abin da ya sa tambayar me yara za su karanta da Hausa, me kuma za su kalla, ta dawo kan teburin malamai da ƙungiyoyin al'adu. Sai dai kayan farkon suna lalacewa. Zaren kaset ba ya jure zafi da ƙura da damshin damina. Yana mannewa, yana yin fumfuna, hoton yana gogewa ko ba a taɓa shi ba. Kamfanin Funai na Japan, wanda shi ne na ƙarshe mai ƙera na'urar bidiyo ta kaset, ya daina a 2016. Wanda ke da irin waɗannan kaset a ƙasan akwati, a Magariya ko Bande ko Dungas, yana bukatar tsohuwar na'ura mai aiki, da wayar da za ta haɗa ta da kwamfuta, da mutum mai haƙurin zama awa biyu ko uku a kan kowane ɗaya, domin kaset ba ya kwafuwa sai da saurin da yake tafiya.